Ƙarau ko Garau

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Galadima shekarar da aka yi canjin kuɗi ya san Hajo, in bai san fuskarta ba ya san muryarta ta bayan katanga. Mace ce da za ta wanke mai itace tas a kan ɗanyen ƙirare, ta juya ta wanke maƙwabciya a kan kazar da ta shigo mata shanya, sannan ta zauna ta ci tuwonta hankali kwance. Amma akwai suna ɗaya da bakin nan bai taɓa furtawa ba, shi ne sunan Nasidi, ɗanta na fari. Hajo mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon tsakiyar idonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Tun ranar da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta goye shi ta tafi da shi Tudun Jukun, can ya girma, bai dawo gidan ba sai da uban ya rasu, ya tare da matarsa Sailuba. In ta kama dole sai Hajo ta ambace shi, sai ta ce "mai motar nan", sai ka ce wani ɗan haya take nufi.

Direban babbar mota ne, yana kai buhunan barkono Ikko. Cikin daminar nan wani abokin aikinsa mai suna Dogara ya yi sallama a zaure, ya shaida wa Malam Jibril, yayan Hajo da ke ba da karatu a nan, cewa mota ta faɗi gaba da Jebba. Kan Nasidi ya bugu, an kwashe shi zuwa wani asibiti can kudu, an naɗe masa fuska har ido. Rai dai da sauransa. Ido ne ba wanda ya san halin da yake ciki, sai an kwance.

Da labarin ya shigo cikin gida Sailuba ta zube a tsakar gida tana kuka. Hajo tana tankaɗe a lokacin. Ta ce Allah ya sawwaƙe, irin yadda ake cewa in an ji ɗan wata unguwa ya yi haɗari, ta ci gaba da tankaɗenta. Garin da ta riga ta tankaɗe shi take ta mayarwa cikin rariya, ba ta ma sani ba. A waje ba ka ganin komai, amma a ciki matar nan ta mutu a zaune. Direba ba ido, ina amfaninsa ga kansa? Yaron da tun yana ƙarami in ya ji ƙarar mota sai ya bar tuwo ya fita?

A zamanin nan waya sai gidan wane da wane, kuma duk danginsu gida ɗaya ne ke da ita, gidan Salomi a Wusasa. Salomi 'yar kawun Hajo ce. Uban Salomin ya koma Wusasa tun yana saurayi ya shiga addinin Kirista, amma zumunci bai yanke ba, ita da Hajo taubasai ne, ba su haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba. Ranar da Salomi ta sauka daga tasi ta shigo ba ta ce wa Hajo "baiwata" ba, ba ta nemi goron da kullum take ƙwacewa ba, nan take Hajo ta san da magana. Salomi ta ja ta ɗaki ta saki labule.

Nasidi ne ya bugo da kansa, daga wani ofishin waya, ana tsuga ruwan sama, layin sai ƙara yake kamar ana suyar gyaɗa. Ya gaishe ta, ya ce a gaya wa Inna an kwance masa fuska. Daga nan ya faɗi magana ɗaya a kan idon, layin ya tauna ta, sannan ya yanke gaba ɗaya. Ta zauna gindin wayar har la'asar, bai sake samun layi ba, ita kuma ba ta da lambar da za ta bi.

Hajo ta ce, "To me ya ce?"

"Ya ce, 'Ido dai…' sai na ji kamar garau ne. Da na faɗa wa maigidana kuma, sai ya ce anya ba ƙarau ya ce ba?"

Hajo ta dube ta, ta kasa ko ƙifta ido. Garau, wato ido ya warke, yaro yana gani. Ƙarau, wato an ƙwaƙule nasa an sa masa na gilashi, irin wanda ta taɓa gani a fuskar wani tsohon soja mai gadi a Tudun Wada, ido ɗaya na kallonka ɗayan na kallon lahira. Tsakanin rai da halaka harafi ɗaya tak, shi ma ruwan sama ya cinye shi. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, dama ita Salomi tun suna yara kunnenta na ado ne.

Suna ɗaga labule suka tarar da Sailuba tsaye a bakin ƙofa, ido ya kumbura, tana jiran a yanke mata hukunci. Hajo ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ce, "Ke, share hawayenki. Mai motar nan ya bugo waya, ya ce ido garau." Sailuba ta faɗi ta yi sujada a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin magariba an jiƙa shinkafar wainar sadaka, kafin wayewar gari duk Ƙofar Galadima ta ji, mata sai shigowa suke barka da arziki. Hajo tana amsawa da kyar, tana cewa ai ba ita za a yi wa barka ba, ga matarsa can.

To, ta faɗa dai, amma ita ba ta sayi abin da ta sayar ba. Kalmomin nan biyu suka hana ta sakat. Ta buɗe randa ta ga ruwa ya kwanta har tana ganin gindi, ta ce garau. Sailuba ta wuce awarwaron hannunta na kaɗawa, ta ce ƙarau. Abin takaicin, ba ta da bakin tambaya. Wata uwar da tuni ta sayar da akuya ta shiga motar kudu, ko ta tsaya a zaure ta ce a nemo mata labarin ɗanta ko ta halin ƙaƙa. Ita kuwa in ta yi haka, gobe a gidan biki a ce Hajo ta zubar da kunya, tana rawar jiki a kan ɗan fari. Tun da ba ta iya tambayar lafiyar ɗa, sai ta koma tambayar lafiyar kalma.

Ta yafa mayafi ta ce za ta kai wa Salomi daddawa. Ta shiga mota ta Tukur-Tukur, ta sauka Wusasa, ta tarar da mijin Salomi, Malam Arthur, a barandarsa yana gyaran rediyo. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekaru yana koyar da Hausa, kuma irin mutanen nan ne da in ka tambaye su hanyar kasuwa sai sun fara gaya maka wanda ya kafa ta. Bayan gaisuwa Hajo ta karkace kai ta ce, wai gardama ce ta kaure tsakaninta da wata maƙwabciya a kan ƙarau da garau, shin ba abu ɗaya ba ne? Malam Arthur ya ajiye sukudireba. Ya gane sarai, amma ya rufa mata asiri, ya karɓi zancen maƙwabciyar kamar gaske.

Ya ce garau kalma ce ta abin da ya washe ba gurɓata. Ruwan da ya kwanta, garau. Sama bayan an ɗauke ruwa, har ka hango dutsen Kufena kamar ka miƙa hannu ka taɓa, garau. Majinyaci in ya tashi a ce ya warke garau, wanda hankalinsa ya dawo a ce garau yake. Ƙarau kuwa abu ne na hannu, gilashi, irin awarwaron da fatake ke kawowa daga ƙasar Nufe. A nasa ganin, in ji shi, daga ƙararsa ya samo suna, don in biyu suka gogi juna abin da suke cewa ke nan, ƙarau. Ya ce bai rantse ba, hasashensa ne, amma kunnensa ya yarda da shi. Ɗaya ido ne ya raɗa masa suna, ɗayan kunne.

Hajo ta ji sanyi kaɗan, don duk misalan garau na alheri ne. Da Malam ya tsaya nan da ta tafi da guzurinta. Ina, malamin makaranta ba ya ganin rami ya kewaye.

Ya ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, Yaya Hajo. Salomi ta ce 'ne' ta ji a ƙarshe. Bahaushe ba ya cewa ido garau ne, sai dai ya ce garau yake. Ƙarau shi ke tafiya da 'ne'."

Salomi ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ce ita dai ta rantse da girman Allah "ga" ta ji a farko, ba "ƙa" ba, ko a gaban alƙali za ta maimaita. Malam ya tambaye ta "ne" ɗin fa? Ta ce shi ma ta ji shi. Ya buɗe hannu ya ce to ga shi nan, kan maganar na wata dabba ne, wutsiyar na wata. Suka shiga musu, mata da miji, kamar a kan gishirin miya. Hajo tana zaune tsakaninsu tana bin bakinsu da kallo. Wannan ɗan mitsitsin "ne" da take furtawa sau ba adadi kullum ba ta taɓa sanin da zamansa ba, yau shi ne ya tsaya da wuƙa a kan idon ɗanta. Ta tashi ba ta ko sha ruwan da aka kawo mata ba. A ƙofa ta ce wa Salomi, miji dai kin aura, amma da rediyon kika aura da ya fi, shi ana iya kashe shi.

Da ta dawo birni ba ta shiga cikin gida ba, ta tsaya a zaure wurin yayanta. Malam Jibril ya sallami masu ɗaukar karatu, yana ninke buzunsa. Shi ma ta kawo masa tatsuniyar maƙwabciya. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce maƙwabciyar nan tana da zurfin tambaya. Da ta gaya masa abin da Malam Arthur ya ce game da ƙarar awarwaro, ya yi murmushi, ya ce mutanen boko komai sai su ce daga ƙara ya fito. A nasa sanin ƙarau Balarabiyar kalma ce da ta sha rana a hanya, daga ƙarura, wato kwalba ko kasken gilashi, Allah dai shi ne masani. Ya kawo mata ƙissar sarauniyar nan da ta shiga fada ta tarar da daɓen ƙarau, ta zaci ruwa ne har ta tattare zanenta za ta tsallaka. Ya ce to kin gani, tun fil azal aikin ƙarau ke nan, ya yi shigar garau ya ruɗi ido. Garau na Allah ne, ƙarau na ɗan Adam ne yana kwaikwayo.

Hajo ta ce, cikin muryar da ba tata ba, ashe ke nan mutum zai iya duban na kwaikwayon ya ɗauka na gaske ne? Ya ce sarauniya ma ta ruɗu, balle talaka. Sannan ya sassauta murya ya ce ta je ta yi ta addu'a, gani ya kori ji, yaron yana tafe. Ta shige ciki ta tarar da Sailuba tana wanke labulen ɗakinta tana 'yar waƙa. Tausayin yarinyar da haushin kanta suka taru suka yi mata yawa, sai ta huce a kan kazar maƙwabta.

Daga baya Dogara ya aiko cewa an sallami Nasidi, shi zai je ya taho da shi, ranar Laraba suna hanya. Ranar gida ya cika. Salomi ta zo tun hantsi da kwanon cincin, maƙwabta suka shigo, Sailuba ta yi kitso ta yi lalle. An kwana ana ruwa, inda Hajo ta saba zama gindin bishiyar gwaiba ya yi caɓi, saboda haka ta ja tabarmarta ta koma ƙofar ɗakinta. Ta ɗauko faifan wake ta hau tsinta, ta ba ƙofar shigowa rabin baya, wai ita ba jiran kowa take ba.

Bayan la'asar aka ji tsayuwar tasi, aka ji muryar Malam Jibril a zaure yana hamdala. Sai ga su sun shigo, Nasidi da Dogara, hannu cikin hannu kamar yadda abokai ke yi, ba wanda ya kawo komai a ransa. Ya rame, an aske kansa, ga tabon ɗinki daga goshi zuwa bayan kunne. Amma ba wanda ya kalli tabo, kowa ido yake kallo. Wata tsohuwa ta matsa har tana shaƙar numfashinsa, ta leƙa, ta juyo ta rangaɗa guɗa. Gida ya ɗauka, garau ne, wallahi garau, ko ɗigon hakiya babu.

Hajo ta saci kallo ta gefen mayafi, irin satar da ta yi shekara da shekaru tana yi. Idonsa ne. Nasa ne na haihuwa, ga ɗan jan nan a gefe na rashin barcin direbobi, yana ƙiftawa, yana motsi, har da ƙwalla kwance a ciki. Gilashi ba ya ƙwalla. Wani abu mai nauyi da ta yi kwanaki tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta. Daɗi ya kama ta, irin wanda ba ta da inda za ta kai shi, sai ta juya kan taubashiyarta. Ta ce wa Salomi ƙasa-ƙasa, in ta koma ta gaya wa Malam Arthur ya jiƙa "ne" ɗinsa ya sha.

Nasidi ya saki hannun Dogara. Ya yi taku kaɗan a hankali, ya cire takalmi, ya durƙusa cikin caɓi gindin gwaiba, ya sunkuyar da kai wajen da ba kowa sai turmi a kife.

"Inna, na same ku lafiya?"

Guɗar ta mutu a bakin tsohuwar. Wata yarinya ta fara dariya, uwarta ta toshe mata baki. Sailuba, da ke tahowa da kwanon ruwa, ta tsaya cak, ruwan na zuba a ƙafarta ba ta ji ba. Shi kuwa yana nan durƙushe yana jiran amsa daga turmi, da ladabinsa, idanun nan masu kyau a buɗe tar. Hajo tana zaune 'yan taku kaɗan daga damansa, rana na haska ta, bai juyo ba.

Salomi ce ta iya magana. Ta ce, "Nasidi, ran nan a waya, me ka ce mini game da idon?"

Ya juya kai wajen muryar. "Iya Salomi, ashe kina nan. Ai na gaya miki. Cewa na yi, ido dai garara ne." Ya ƙara da cewa, "Ba ki gaya musu ba?"

Garara. Ba wanda bai san kalmar ba a gidan nan, har yaran. Mutumin da idonsa ke buɗe, lafiya lau a gani, ba hakiya ba yana, amma ba ya ganin ko tafin hannunsa. Ga "ga" ɗin Salomi, ga "ne" ɗin Malam Arthur, duk sun zauna daram, kowa ya yi gaskiya. Malamai biyu sun bi kalma har ƙasar Nufe da ƙasar Larabawa, ita Hajo ta kwana ta tashi tsakanin biyu, alhali ta ukun na nan a bakin kowa, ba dai wanda zuciyarsa ta yarda ta ɗauko ta. Dogara ya shiga bayani, kansa a ƙasa, wai likitoci sun ce ƙwayar idon ba abin da ya same ta, jijiyar da ke kai gani can ciki ce buguwar ta kashe, kuma ba ta gyaruwa. Ya ce shi ya zaci an sani, da ya ji guɗa ya ɗauka ta murnar rai ce.

Kwanon ya suɓuce daga hannun Sailuba. Ba ta yi kuka ba, ta dai juyo ta kalli surukarta, matar da ta ce mata share hawayenki.

Hajo ba ta san ta miƙe ba. Faifan ya kife, wake ya watse cikin laka. Ta ratsa tsakar gidan nan a gaban yayanta da ya leƙo daga zaure, a gaban maƙwabta, a gaban duk matan da gobe za su kai labari gidan biki, ta durƙusa cikin caɓin ta kama fuskar ɗanta da hannu biyu ta ɗago ta. Tun yana cikin zanen goyo rabonta da ta dubi tsakiyar idon nan. Ta duba. Garau yake, Malam Arthur ma ba zai gyara mata wannan ba. Ta ga ganyen gwaiba a ciki, ta ga sama da ta washe, ta ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa da mayafi ya zame mata, baki buɗe. Ta matsa kusa, ta ƙara matsawa, ko ƙwayar za ta motsa ta san da ita. Ba ta motsa ba.

Nasidi bai janye fuskarsa ba. Ya ɗago nasa hannun a hankali ya shafa yatsun da ke kumatunsa, ya shafa wuyan hannun, ya koma ya sake shafa yatsun, yana neman abin da zai gane.

Ya ce, "Hannun wa ne wannan? Iya Salomi, ke ce?"

Duk tsakar gidan, kowa Hajo yake kallo.